Wa ya tambayi ungozoma?

Da ma'aikatan jinya da ungozomomin Najeriya suka tafi yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025, maganar da ta cika majalisu da tashoshin mota ita ce kuɗi kawai suke so. Ba a musa batun alawus ba. Amma cikin buƙatun ƙungiyarsu ta NANNM akwai wadda jama'a suka tsallake: a kafa wa aikin jinya sashe na kansa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, domin a riƙa jin ta bakinsu kafin a tsara manufa.

Har yanzu mutane da yawa na ɗaukar nas a matsayin 'yar aiken likita, mai allura da ɗaura ƙarin ruwa. Alhali rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna ma'aikatan jinya su ne kusan kashi 59 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatan lafiya a duniya. A asibitocin karkara kuwa, sau tari babu likita ko ɗaya.

Ɗauki zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba wajen kashe mata. Allurar oksitosin da ake tsayar da shi da ita tana buƙatar sanyi, zafi na rage mata ƙarfi. Jami'in da ke Abuja zai sayi kwalaye ya rubuta an raba. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya ita ta san firij ya mutu tuntuni, ta san allurar ba lalle ta yi aiki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An ga abin da rashin tuntuɓa ke jawowa a Fabrairun 2024, lokacin da majalisar da ke kula da aikin jinya ta sharɗanta shekara biyu na aiki kafin ta tantance takardun masu son fita waje. Zanga-zanga ta ɓarke a Abuja da Legas. Majalisar da kanta ta ce ma'aikatan jinya sama da 15,000 sun bar ƙasar a 2023. Takardar umarni ba ta riƙe wanda aiki ya yi wa yawa, albashi ya yi wa kaɗan.

Hukumomi su kira ma'aikatan jinya da ungozomomi tun ana rubuta daftari, ba ranar bikin ƙaddamarwa ba.