Motar da Ke Kai Asibiti Ƙofar Gida

Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini, kamar yadda lambatu ke kai ruwa lambu. Idan gudan jini ya toshe ɗaya, sai naman zuciyar da ke bayan toshewar ya soma mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. Mutum yakan ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, zafin ya gangara hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, gumi kuma ya karyo masa. Waɗansunmu sukan ce gyambon ciki ne, su kwanta su jira gari ya waye.

Jiran nan ne ke kisa. A birnin Belfas na Ireland ta Arewa, wani likita mai suna Frank Pantridge ya lura cewa da yawa cikin masu ciwon suna mutuwa a sa'o'in farko, tun ba su kai asibiti ba. Abin da ke faruwa shi ne zuciya ta rikice, ta riƙa karkarwa maimakon bugawa. Akwai na'ura mai girgiza ta da lantarki ta komo daidai, amma a lokacin tana cikin asibiti kaɗai. Sai a 1965 ya haɗa wadda za a iya sawa a mota, mai aiki da batirin mota. Nauyinta kilo 70 ne, wato ta fi buhun takin zamani. A 1966 motar ta fara fita daga Asibitin Royal Victoria, da likita da nas a ciki. Kafin ƙarshen 1968 an yi wata mai kilo 3 kawai.

Amma ina likitan da zai ishi kowace mota? Nan ne muke ganin Holan da Suwidin sun yi dabara. A Holan, nas mai horo na musamman ne shugaban motar, tare da direba wanda shi ma ya koyi taimako. A Suwidin kuwa, tun 2005 sai da nas mai rajista a motar, gama shi ne doka ta yarda ya ba da magani.

Ga yadda aikin yake. Da isowa nas zai manna wayoyi a ƙirjin mara lafiya, na'ura ta zana bugun zuciyarsa. Sai a aika hoton ga likitan zuciya, yana can asibiti. Nas ya ba da asfirin a tauna, da maganin rage zafi. Idan asibitin da ke buɗe jijiya yana kusa, sai a wuce can kai tsaye, ma'aikata sun riga sun shirya. Idan kuwa hanya da nisa, kamar ƙauyukan arewacin Suwidin, nas zai iya yin allurar narkar da gudan jinin nan take a cikin mota, bayan ya tabbata mutumin ba shi da ciwon da ke sa zubar jini.