Gatarin Aradu

Sa'ad da nake yaro, kakata tana da wani baƙin dutse mai santsi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, bakinsa kamar na gatari. A kufan ƙauyenmu aka tsince shi, gefen kushewun kakanni, inda ba a noma, ba a kuma saran itace. Ta ce aradu ce ta jefo shi. In zazzaɓi ya kama yaro, sai ta wanke dutsen a ƙwarya ta ba shi ruwan ya sha. Ni ma na sha.

To, jama'a, dutsen nan ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen dā ne suka wasa shi, suka ƙota shi, suna sara da shi. Ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke ƙasa ya tono shi, manomi ya gan shi da safe, ya ce aikin tsawar jiya ce.

Ƙasarmu cike take da irin waɗannan kaya. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na yumɓu a Nok, ƙasar Jaba. A 1943 aka sami wani kusa da Jama'a, har wani ya kafa shi mutum-mutumi a gonar doya, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Masu ginin kawunan nan sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun kuma san narka ƙarfe.

Kada mu zaci mu kaɗai ne da wannan camfi. Manoman Ailan, can yamma da Ingila, in sun tsinci tsinin kibiya na dutse sukan ce na aljanu ne, su tsoma shi a ruwa su shayar da saniya marar lafiya.

Ga abin da ya shafe mu, mu malaman gobe. Sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ruwan dutse ba ya kashe ƙwayar cutar, jinkiri kuwa yana kashe yara. Mu ce a kai yaro asibiti tun da wuri. Amma kada mu yi wa tsofaffi dariya, gama tsoronsu ne ya tsare kufai da kushewu har muka tarar da su. In ɗan makaranta ya kawo maka irin dutsen nan, ka rubuta inda ya samo shi, ka sanar da gidan tarihi, kada ka bari a sayar wa 'yan fatauci.