Mabuɗin Rumbu: Yadda Injiniya Ke Samun Izinin Ɗora Manhaja A Ƙungiyar Debian

Ɗan kasuwar da ke aika kuɗi ta banki, ko yake karɓar ciniki ta intanet, da wuya ya san cewa yawancin manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa da ke ɗauke da irin waɗannan ayyuka suna tafiya ne a kan manhajar da ba a sayarwa. Ita ce ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke da damar karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma rarraba. Sai dai damar karantawa daban, izinin ɗora kaya a rumbun da miliyoyin na'urori ke ɗiba daban. Wannan izini ba a samun sa da kuɗi, kuma takardar digiri ba ta wadatarwa.

Ƙungiyar Debian na cikin waɗanda suka fi tsananta wa a wannan fanni. Marigayi Ian Murdock ne ya kafa ta a watan Agusta na 1993, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka. Ba kamfani ba ce, ƙungiya ce ta 'yan sa kai da ke da cikakkun wakilai kimanin 1,000 a sassan duniya. Fitowarta ta 13, wadda aka saki a watan Agusta na 2025, ta ƙunshi ƙunshin manhaja fiye da 69,000. Daga wannan rumbu ne kuma manhajar Ubuntu, wadda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, take ɗibar mafi yawan kayanta. Ke nan duk abin da ya shiga rumbun Debian yakan yi tafiya mai nisa.

Injiniyan da ke neman izini yakan fara ne daga ƙasa. Zai zaɓi wata manhaja, ko sabuwa ko wadda mai kula da ita ya yi watsi da ita, ya shirya ta bisa ƙa'idojin ƙungiya: ya bayyana lasisinta, ya lissafa sauran manhajojin da take dogaro da su, ya tabbatar tana haɗuwa ba tare da matsala ba. Amma ba shi da ikon ɗora ta da kansa. Dole ya nemi wani cikakken wakili ya duba aikin, ya sa hannu, ya ɗora a madadinsa. Kamar yaron shago ne da ke auna kaya yana ɗaurewa, amma mabuɗin sito na aljihun maigida. Sau da yawa akan dawo masa da aikin domin gyara, kuma mutum kan yi watanni, wani har shekaru, a wannan matsayi.

Mataki na biyu shi ne na Mai Kula, wanda wakilan ƙungiyar suka amince da shi ta hanyar ƙuri'a a 2007. Mai nema zai bayyana a fili cewa ya yarda da Yarjejeniyar Zamantakewa ta Debian ta 1997, da sharuɗɗan da ke fayyace manhaja mai 'yanci, da dokokin amfani da na'urorin ƙungiya. Zai kuma samo aƙalla cikakken wakili ɗaya da ya san aikinsa, wanda zai tsaya masa a bainar jama'a. Idan an karɓe shi, izinin da zai samu ƙayyadadde ne: zai iya ɗora ƙunshin da wani cikakken wakili ya ba shi dama a kansa kawai, ba zai taɓa na wasu ba.

A nan ne batun shaidar mutum ke shigowa. Duk kayan da za a ɗora sai an sa masa hannu da wani mabuɗin sirri na lissafi wanda mai shi kaɗai ke riƙe da shi. A al'adar ƙungiyar, mai nema kan haɗu ido da ido da wakilai, ya nuna musu fasfo ko katin shaida, su kuma su sa hannu a kan mabuɗinsa. Da annobar korona ta hana tafiye-tafiye a 2020, sai aka ƙara wata hanya, inda wakilan da suka daɗe suna aiki da mutum za su iya shaidar cewa wannan mabuɗi nasa ne. Sauyin ya sauƙaƙa wa injiniyoyin ƙasashen da babu wakilai kusa da su, waɗanda a da sai sun yi doguwar tafiya kafin su sami mai sa musu hannu.

Mataki na ƙarshe shi ne zama cikakken wakili. Akan haɗa mai nema da wani jami'i da zai yi masa tambayoyi a kan manufofin ƙungiya da tsarin aikinta, sannan ya jarraba ƙwarewarsa. Daga nan rahoto ya tafi ga masu kula da rajistar wakilai, su ne ke yanke hukunci. Wanda ya tsallake yana iya ɗora kowane ƙunshi a rumbu, yana kuma da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙungiya da ake yi kowace shekara. Duk da haka kayansa ba ya isa ga jama'a kai tsaye. Yakan fara sauka a sashen gwaji na farko, bayan wasu kwanaki ya wuce na biyu idan ba a ga babban aibu ba, kafin ya shiga tabbatacciyar fitowa da ake saki kusan duk shekara biyu.

Masu ganin wannan tsari ya cika jan ƙafa suna da hujjarsu, domin jinkiri kan kashe gwiwar matasa masu hazaƙa. Amma abubuwan da suka faru sun nuna abin da ake gudu. A 2018, marubucin wata ƙaramar manhaja mai suna event-stream a rumbun npm ya miƙa izinin ɗorawa ga wani baƙo da ya nemi ya taimaka, saboda shi ya daina amfani da ita. Baƙon ya cusa wani ɓoyayyen umarni da aka shirya domin satar kuɗin Bitcoin daga masu amfani da asusun Copay.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na xz, manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Injiniyan ƙasar Finland Lasse Collin ya yi shekaru yana kula da ita kusan shi kaɗai, ba tare da albashi ba. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya sami ikon fitar da sababbin fitowa. A watannin Fabrairu da Maris na 2024 ya saki fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, ɗauke da wata ƙofar sirri da za ta bai wa mai ita damar shiga na'urorin mutane daga nesa.

Injiniyan kamfanin Microsoft Andres Freund ne ya bankaɗo lamarin a ranar 29 ga Maris, 2024, bayan ya lura cewa shiga na'urarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa. A lokacin gurɓataccen kayan ya riga ya shiga sassan gwaji na Debian da Fedora, amma bai kai ga tabbatattun fitowar da bankuna da kamfanoni ke dogaro da su ba. Jinkirin da ake kuka da shi ne ya ba da sararin kama shi. Darasin kuwa shi ne, mai mugun nufi na iya yin haƙurin shekaru yana aikin kirki domin ya sami mabuɗi.

Ba ma sai da mugun nufi ba. A 2006 wani mai kula a Debian ya yi gyara a manhajar OpenSSL da kyakkyawar niyya, gyaran ya raunana mabuɗan sirrin da na'urori ke ƙirƙira, ba a kuma gano ba sai a watan Mayu na 2008. Dole kamfanoni da dama suka sake mabuɗansu.

Hukumomi ma sun farga. Rumbun PyPI ya wajabta wa masu ɗora kaya tabbaci mai mataki biyu daga farkon 2024. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayan fasaha ta fara aiki a watan Disamba na 2024, kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan masu sayar da kayan da ke ɗauke da manhaja daga Disamba na 2027.

Ga mai kamfani, abin lura uku ne. Ya tambayi ma'aikatansa na fasaha waɗanne manhajoji harkarsa ta dogara a kai, kuma su wa ke kula da su. Ya tabbatar ana amfani da tabbatacciyar fitowa, ana kuma karɓar gyare-gyaren tsaro a kan kari. Idan kuma yana da injiniyan da ke neman irin wannan izini, ba shi 'yan sa'o'i a mako ba asara ba ce, domin tarihin aikinsa a buɗe yake ga kowa, kuma kamfanin da ke da mutum a cikin rumbu yakan ji labarin matsala tun kafin ta iso ƙofarsa.