Kafin 'Yarku Ta Zama Oshoala: Abin Da Ƙwallo Ke Nema A Jikin 'Ya Mace



Wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar cin Kofin Afirka ta mata a daren 26 ga Yulin 2025 zai tuna yadda aka tafi hutun rabin lokaci. Maroko mai masaukin baƙi tana gaba da ci 2 da nema a birnin Rabat, fili ya cika maƙil da magoya bayanta. Na san wasunku a nan suka kashe talabijin suka kwanta. Da aka dawo Esther Okoronkwo ta ci bugun fenariti, Folashade Ijamilusi ta farke ta biyu, ana saura minti biyu a tashi Jennifer Echegini ta jefa ta uku. Kofi na 10 ke nan da Super Falcons suka ɗauko wa Najeriya. Bayan kwana biyu Shugaba Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin kwatankwacin Dala 100,000 da gida da lambar girmamawa ta OON.

Ba mamaki tun daga lokacin, ko a Agege kuke, ko Sabon Ibadan, ko Mararaba, an samu yarinya a gidanku da ta fara cewa ita ƙwallo za ta buga. Amincewa ko hanawa hukuncin iyaye ne, ba zan yi muku shisshigi ba. Ita kanta Asisat Oshoala, wadda ta taso a gidan Musulmi a Ikorodu, ta sha faɗa cewa da farko iyayenta ba su yarda ba, ga shi yau sau shida ana ba ta kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka. Masu damuwa da batun sutura kuma su sani cewa tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga Gasar Cin Kofin Duniya ta 2023 da hijabinta. Nawa aikin shi ne in gaya muku abin da wannan sana'a take ci a jikin yarinya, domin in kun ce "to", ku faɗe ta da saninku.

'Yar wasa a babban mataki takan yi gudun kilomita 9 zuwa 11 a wasa guda. Kuma ba gudu ne a miƙe ba. A ruga, a tsaya cak, a juya, a yi tsalle, a sake rugawa, har minti 90. Kafin ranar wasan akwai atisayen kusan kullum, da ɗaga ƙarfe don ƙarfafa cinya da baya. Baiwa ita ke sa koci ya ɗago kai ya kalli yarinya. Abin da ke riƙe ta a fili shekara goma kuwa aiki ne maras daɗin kallo, wanda yawancinsa a gida ake yin sa: cikin tukunya, kan katifa, da kuma a gaban kantar mai sayar da magani.

Mu fara da tukunya. Babban abin da ke kayar da 'yan mata masu wasa ba tare da an ankara ba shi ne ƙarancin sinadarin ayon, wanda jini ke buƙata don ɗaukar iska zuwa tsoka. Namiji baligi miligiram 8 ya ishe shi a rana, budurwa 'yar 14 zuwa 18 tana buƙatar 15, daga 19 zuwa 50 kuma 18, saboda jinin al'ada da take zubarwa duk wata. Ku ɗora gudu da zufa a kan wannan, ku ƙara da zazzaɓin cizon sauro da ke fasa ƙwayoyin jini. Sai ku ga yarinyar da bara take tsere wa kowa, bana tana haki tun minti 20, jiri na ɗibarta, koci yana cewa ta yi lalaci. Sau da yawa jini ne ya yi ƙasa. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo su ne maganin farko. A haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir, don suna taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka a raba shi da abinci da kamar awa guda. Kada ku saya mata ƙwayar ƙarin jini da ka. A fara yin gwaji, in da hali har da na feritin, wanda ke nuna abin da ke ajiye a rumbun jiki tun kafin ƙarancin ya bayyana a gwajin PCV. In an rubuta ƙwayar, a ɓoye ta daga ƙananan yara, domin tana kisa idan yaro ya haɗiye da yawa. A wannan zuwan asibitin a duba har da sikila. Mai AS tana iya wasa, amma dole koci ya sani, don kada a matsa mata cikin tsananin zafi ba ruwa ba hutu.

Akwai wata magana da kunya ke sa a binne ta, kuma a nan nake so iyaye mata ku buɗe kunne. Idan yarinya tana ƙona ƙarfi fiye da abin da take ci, jiki yakan fara rufe wasu ayyukansa don ya yi tattali, kuma na farko da yake rufewa shi ne al'ada. Wasu 'yan wasa har murna suke yi, wai sun huta da ciwon mara. Wannan ba hutu ba ne. Ɗaukewar al'ada na nufin sinadarin da ke gina ƙashin mace ya ja baya, a daidai shekarun da ake tara ƙarfin ƙashi na tsawon rayuwa. Ƙarshenta ƙashin ƙauri ko na tafin ƙafa ya riƙa tsagewa ba tare da an buge ta ba. In al'ada ta ɗauke wata uku a jere, ko yarinya ta kai 15 ba ta fara ba, a je ga likita. Kocin da ke auna 'yan mata a gaban juna yana yi musu gorin ƙiba, ni dai ba zan bar ƙanwata a hannunsa ba.

Sai gwiwa. A cikinta akwai wata jijiya mai riƙe ƙashin cinya da na ƙauri, likitoci suna kiranta ACL. Mata 'yan ƙwallo sun fi maza tsinkewarta, aƙalla ninki biyu, kuma galibi ba wanda ya taɓa su: dira ce daga tsalle ko juyi na gaggawa, gwiwa ta karkata ciki, sai a ji ƙas. Daga nan sai tiyata da jinyar wata 9 zuwa shekara. Ita ce ta hana kyaftin ɗin Ingila Leah Williamson da Beth Mead da Vivianne Miedema ta Holan zuwa Kofin Duniya na 2023. Waɗannan suna da manyan likitoci da inshora. 'Yarku da ke wasa a filin makarantar firamare mai tsakuwa fa, wa zai biya? Shi ya sa rigakafin ya fi mana muhimmanci fiye da su, kuma abin daɗi kyauta ne. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna FIFA 11+, wanda ya ƙunshi sassarfa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, ƙarfafa bayan cinya, da koyon dira da gwiwa a saiti. An gwada shi a Norwe a kan 'yan mata kusan 1,900 masu shekara 13 zuwa 17, sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ana samun sa a intanet, ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da fili. Ku tambayi kocin 'yarku ko yana yin sa aƙalla sau biyu a mako. In bai taɓa jin sunansa ba, ku nuna masa a waya.

Yanzu bari in zo ɓangaren da ya fi damuna, wato magani. A bakin aiki ina yawan ganin matasa, maza da mata, suna zuwa da rigar wasa a jiki suna neman abin da zai kashe ciwo "don a samu a buga wasan yamma". Diclofenac da ibuprofen su ne na gaba-gaba, wani ma ya haɗa biyun. Ciwo ɗan aike ne, ya zo ya gaya miki wani wuri ya samu matsala. In kin toshe masa baki kika shiga fili, targaɗen kwana biyar sai ya koma jinyar wata biyu. Ban da haka, shan waɗannan ƙwayoyi a kan yunwa, jiki ya bushe da zufa, hanya ce ta gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tiramol kuwa ba sai na faɗi ɓarnarsa a unguwanninmu ba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa. Dexamethasone da ke cikin haɗin "sha ka fashe" na masu neman ƙiba shi ma haramun ne a lokacin gasa. Wasu magungunan mura suna ɗauke da pseudoephedrine, wanda in ya wuce wani adadi a fitsari laifi ne. Shayin rage tumbi da garin ƙara ƙarfi da ake tallatawa a Instagram sun fi haɗari, domin an sha samun abin da ba a rubuta a jikin kwalin ba. Ƙa'idar hukumar ba ta da sassauci: duk abin da aka samu a jikin 'yar wasa ita ke da alhakinsa, ko da gwaggonta ce ta jiƙa mata da kyakkyawar niyya, kuma dakatarwar tana iya kai shekara huɗu. Mai asma ko wata cuta mai buƙatar magani kada ta daina sha don tsoro. Akwai takardar izini da likitan ƙungiya ke nema mata. Ta dai saba tun yanzu da faɗa wa duk mai ba ta magani cewa ita 'yar wasa ce.

Ruwa da barci ba su da tsada, sai dai a yi sakaci. A auna nauyi kafin atisaye da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita. Fitsari in ya yi ja, ruwa bai isa ba. Budurwa tana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne tsoka ke gyara kanta. Waya a hannu har ƙarfe ɗayan dare da lemon gwangwani mai hana barci suna rushe aikin yini guda.

Ke kuma ƙanwata mai wannan buri, ga taki. Ana yawan cewa ƙwallo sai mai zuciya, amma ki fahimci wace irin zuciya. Chiamaka Nnadozie tana da shekara 22 ta tsaya gaban Christine Sinclair ta Kanada, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a tarihin wasannin ƙasa da ƙasa, ta tare mata fenariti a 2023. A wannan gasar dai Falcons suka doke Ostareliya mai masaukin baƙi 3 da 2, suka riƙe Ingila minti 120 ba ci, sannan aka fitar da su a bugun fenariti. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi kukan wannan rana su ne suka ɗaga kofi a Rabat bayan shekara biyu. Oshoala ta ji rauni a gwiwa a wasan farko na gasar Afirka ta 2022, ta kalli ragowar daga waje, ta yi jinya ta dawo. Za a ajiye ki a benci alhali kina ganin kin fi wadda aka sa. Za a je zaɓen 'yan wasa a dawo ba sunanki. Kuɗi ma ba kullum ba: su kansu Falcons sai da suka ƙi barin otal a Abuja a 2016 saboda haƙƙoƙinsu, bayan sun ci kofi. Mai zuciyar da nake nufi ita ce wadda za ta tashi da asuba washegarin irin wannan rana ta yi atisayenta cikakke, ita ce kuma wadda za ta iya buɗe baki ta ce wa koci "ƙafata na ciwo, yau ba zan buga ba", ko da tana tsoron wata ta ƙwace mata gurbi.

Kada kuma ki yar da littafi. Cikin dubban 'yan mata da ke buga ƙwallo, 'yan ƙalilan ne za su kai ƙungiyoyi irin su Nasarawa Amazons ko Rivers Angels ko Bayelsa Queens, balle Turai, kuma wadda ta kai ma da wuya ta wuce shekara 35 tana wasa. Michelle Alozie, wadda ta ci ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe a 2025, tana da digiri daga Jami'ar Yale, kuma ta haɗa wasa a Houston Dash da aikin binciken cutar kansa a wani asibitin yara a Texas.

Iyaye, in kun amince, to ku shiga ciki da ƙafa biyu. Ku je filin da kanku ku ga wanda ke horar da ita. Ku tambaya ko akwai mace babba da ke tare da yaran a wurin atisaye da lokacin tafiya, da inda suke kwana, da wanda ke ɗaukar nauyi in an ji rauni. Oshoala da Rasheedat Ajibade duk daga ƙungiyar FC Robo ta Legas suka fito, mataki-mataki, ta ƙungiyoyin matasa na ƙasa. Duk wanda ya zo muku da zancen zai fitar da 'yarku waje a wata uku in kun ba da kuɗin biza, ko ya ce a rage mata shekaru a takarda, ku sallame shi tun daga zaure.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda mai motsa jiki zai tsara ci da sha da atisaye a watan azumi.