Gishirin Teku da Na'urar Sanyaya Ɗaki: Dalilin Lasisi da Inshora a Gaɓar Fulorida

Jihar Fulorida tana kudu maso gabashin ƙasar Amurka, kuma teku ya kewaye ta ta fuska uku. Kowace shekara miliyoyin 'yan yawon buɗe ido kan je garuruwanta na bakin ruwa, irin su Mayami. To amma ƙasa ce mai zafi da laima, don haka otal ɗin da na'urarsa ta sanyaya ɗaki, wato iyakwandishan, ta mutu kwana biyu, sai baƙi su kwashe kayansu su yi gaba. Shi ya sa girka wannan na'ura da gyaranta suka zama babbar sana'a a can, kuma hukuma ba ta yarda ɗan kwangila ya shige ta ba sai da lasisi da inshora. Dalilan wannan doka yawancinsu na kimiyya ne.

Dalili na farko shi ne gishiri. Ɓangaren na'urar da ake ajiyewa a waje yana ɗauke da bututun tagulla wanda aka jera wa siraran faya-fayan alminiyam domin fitar da zafi. Idan igiyar ruwa ta fashe a gaɓa, iska takan kwashi feshin ruwan ta yayyafa a kansu. Ɗalibai za su tuna cewa ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki. Ƙarfe iri biyu da suka haɗu cikin irin wannan ruwa sukan zama tamkar ƙaramin batir, kuma alminiyam ne ke cinyewa. Da faya-fayan sun zagwanye, zafi ba ya fita, inji ya riƙa wahala har ya ƙone. Ƙwararre ya san ya zaɓi na'urar da aka shafa wa maganin tsatsa, ya kuma riƙa wanke ta da ruwa marar gishiri.

Dalili na biyu shi ne iskar gas da ke zagayawa cikin bututun. Tsohuwar iskar da ake kira R-22 tana lalata shimfiɗar ozon da ke kare mu daga muguwar ƙunar rana. Bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987, Amurka ta gyara dokarta ta tsabtar iska a 1990, ta haramta sakin irin wannan gas da gangan, aka kuma wajabta wa mai taɓa shi cin jarrabawa domin samun takardar shaida. Daga Janairun 2020 aka daina ƙera R-22 ko shigo da ita ƙasar.

Na uku kuwa guguwa ce, wadda lokacinta ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. A Agustan 1992 guguwar Andrew ta rushe dubban gidaje kudu da Mayami. Dokar gine-gine ta jihar, wadda ta fara aiki a 2002, ta tilasta a ɗaure na'urorin waje tamau, domin wadda iska ta fizge daga rufin otal makami ce.

Mai neman lasisin jihar sai ya nuna ƙwarewar shekara huɗu, ko haɗin karatu da aiki, sa'an nan ya ci jarrabawa. Mai lasisi na ajin A yana iya girka na'ura kome girmanta. Mai ajin B kuwa ba ya wuce ta tan 25. Tan a nan ma'aunin sanyi ne, wato yawan zafin da zai narkar da tan ɗaya na ƙanƙara cikin sa'a 24.

Sai dai ko gwani yakan yi kuskure, a nan ne inshora ke shigowa. Na'urar tana tatse ruwa mai yawa daga iska mai laima. A ce bututun zubar da ruwan ya toshe a hawa na goma, sai ruwa ya bi silin ya ɓata ɗakunan ƙasa, ko baƙo ya zame ya karye. Wa zai biya? Jihar ta ƙayyade inshorar aƙalla dala 100,000 domin raunin jama'a, da dala 25,000 domin ɓarnar dukiya. Haka kuma ɗan kwangilar da ke da ma'aikaci ko da ɗaya ne, dole ya yi masa inshorar diyyar rauni, tunda aikin na hawa rufi ne da taɓa wutar lantarki.

Bayan kowace guguwa, 'yan damfara sukan bazu suna karɓar kuɗin gyara. Saboda haka dokar Fulorida ta ɗauki yin kwangila ba lasisi a lokacin dokar ta-ɓaci a matsayin babban laifi mai kai mutum kurkuku. Mai otal ɗin da ya san abin da yake yi yakan nemi ganin lambar lasisi da takardar inshora tun kafin ya bari a kafa tsani.