Kunnen Ɗalibi a Ajin Zana: Hayaniya da Jin Sautukan Harshe na Biyu a Magarya da Dungas

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa makarantar firamare a ƙauyukan Bande, Waca ko Dogo-Dogo, a gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, ya san ajin zana. Abin da ya raba shi da na maƙwabta kara ne kawai. A nan malami na shifta da Faransanci, can ana rera ƙidaya, ga iska, ga kukan injin niƙa daga cikin gari. Idan yaro ya rubuta roue a inda aka ce rue, sai a ce ba ya mai da hankali. Wannan maƙala za ta nuna cewa sau da yawa matsalar ta ji ce, kuma hayaniya ta fi cutar da mai koyon harshe na biyu fiye da ɗan harshe.

Rariyar harshen uwa

A littafinsa na 1939 kan tsarin sauti, Nikolai Trubetzkoy ya kamanta harshen uwa da rariya wadda kowane baƙon sauti ke bi ta cikinta kafin ya isa ga fahimta. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwan wasali ai da au. Faransanci kuwa yana da wasula fiye da goma, har da 'yan hanci. Wasalin rue ana furta shi da harshe a gaba kamar i, leɓɓa a kewaye kamar u, kuma babu irinsa a Hausa. Saboda haka kunnen Bahaushe yakan jefa shi cikin i ko u, sai riz, rue da roue su cuɗe. Haka nan Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin ƙwayoyin sauti biyu, kuma ba ta da v, don haka port da fort, ko vin da bain, kan zo wa yaro da kama ɗaya. James Flege ya bayyana a 1995 cewa sautin da ya yi kama da na harshen uwa ya fi wuyar koyo a kan wanda yake baƙo fil.

Abin da hayaniya take ɗaukewa

Hayaniya ba ta cin sautuka daidai wa daida. Gwajin George Miller da Patricia Nicely na 1955 ya nuna cewa ziza da hancintawa suna jure ƙara, amma alamun gurbin furuci su ne ke fara ɓacewa. Ɗan harshe yana da hanyoyin cike giɓi: ya san kalmomi, ya san ginin jumla, ya san abin da ya saba biyo bayan wani. Idan aka ce la roue de la charrette, ya san ƙafar amalanke ake nufi ko da wasalin ya kuɓuce masa. Ɗan aji biyu a Dungas bai riga ya mallaki kalmar charrette ba, dogaronsa duka a kan sautin ne, sautin kuwa iska ta tafi da rabinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: malami na magana, yaro na saurare, saƙo bai isa ba.

Binciken Mayo, Florentine da Buus na 1997 ya ƙara fito da wannan. Masu jin Sifaniyanci da suka koyi Ingilishi bayan sun girma sun ji magana sarai a wuri shiru, amma da aka sa hayaniya sai suka faɗi ƙasa da waɗanda suka koya tun suna ƙanana, kuma ba su amfana da ma'anar jumla kamar su ba. Darasin shi ne, gwaji a ɗaki shiru yana ɓoye raunin da aji ke tonawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa kada ƙarar bayan fage a aji ta wuce desibel 35, ma'aunin da zana ba ta iya tsarewa. Ɗaga murya ma, wanda likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana a 1911 a matsayin ɗabi'ar mai magana cikin ƙara, ya fi ƙarfafa wasula a kan baƙaƙe marasa ziza.

Mu juya madubin

Hausa ma harshe na biyu ce ga wasu a wannan yanki. Bafulatanin da ya kawo dabbobi kasuwar Magarya yana da ɓ da ɗ a Fulfulde, ba su ba shi wahala. Amma Fulfulde ba ta da tunkuɗau ƙ, ba ta kuma da karin sauti. A tsakiyar hayaniyar kara, bambancin baki da baƙi, ko kara da ƙara, zai iya kuɓuce masa kamar yadda rue ke kuɓuce wa ɗan Bahaushe.

Kammalawa

A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Nazarin ji yana ƙarfafa wannan turba, domin yaro ya fi jure hayaniya a harshen da yake iya cike giɓinsa. Kafin azuzuwan siminti su wadata, malami na iya fuskantar yara don su ga leɓɓansa, ya koyar da kalma kafin ya yi shiftarta, ya kuma daidaita lokacin shifta da maƙwabcinsa. Mu kuma ɗaliban kimiyyar harshe, ya kamata mu ɗauki na'urorinmu mu auna ji a inda ake koyo, wato a ƙarƙashin zana.