Ahmed Kheir: lauyan da ya nuna wa Sudan hanyar gina makaranta da kuɗin jama'a

A Sudan ana tunawa da Ahmed Kheir a matsayin lauya kuma ɗan siyasa, amma babban abin da ya bari yana fannin ilimi ne.

Ya yi karatu a Kwalejin Gordon ta Khartoum, wadda ta zama Jami'ar Khartoum a 1956. Yana zaune a Wad Madani, babban birnin yankin Jazira inda Hausawa da yawa suke har yau, ya kawo shawarar 'yan boko su haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya, kamar yadda 'yan Indiya suka yi. A watan Fabrairun 1938 aka kafa ƙungiyar a Omdurman da sunan Mu'utamar al-Khirrijin, wato taron waɗanda suka kammala makaranta. Isma'il al-Azhari, wanda daga baya ya zama firaministan farko, shi ne sakatarenta. A 1942 ƙungiyar ta miƙa wa Turawan Ingila takardar neman 'yancin Sudan ta zaɓi makomarta bayan yaƙi, suka yi watsi da ita.

Makarantun gwamnati a lokacin ba su da yawa. Shi ya sa Kheir ya kawo shawarar Ranar Ilimi: ranar da ake bin 'yan kasuwa, ma'aikata da manoma, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Da wannan karo-karo aka buɗe makarantun da ake kira ahliyya, wato na jama'a. Jami'ar Ahliyya ta Omdurman, da aka kafa a 1986, ta tashi ne a kan wannan al'ada.

Sai dai tarihinsa bai rasa tabo ba. Ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Abbud daga 1958 zuwa 1964, abin da ya jawo masa suka daga tsofaffin abokan gwagwarmaya. Boren da ya kifar da gwamnatin a Oktoban 1964 daga Jami'ar Khartoum ya faro.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in Khartoum da Omdurman, ya tarwatsa ɗalibai da malamai. Ga unguwannin Hausawa a Sudan, Cadi ko Kamaru, inda makarantar gwamnati kan yi nisa, dabarar Kheir tana nan da amfaninta: a kafa kwamiti, a tsai da rana, a tara kuɗi a bainar jama'a.